Dutsen da Na Kai Ankara

Tun da na dawo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Batsari ba. Ina zama sai wani ya jawo benci ya ce, "To Injiniya, yaya Turkiyya?" In fara ba da labari, wani ya iso a tsakiya ya ce a koma farko. Wanda ya fi kowa matsa mini shi ne Sada, taubashina na garin Zakka, wanda ya riga ya baza wa mutanen Safana cewa gwamnati ce ta aike ni in sayo sabis a buhu. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, in huta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Bishir. Ina koyar da kimiyyar lantarki a wata kwaleji a Katsina, ina kuma karatun digiri na uku a kan eriya. Ƙauyenmu yana gaba da Karare kaɗan, a bayan wani babban dutse. Ƙarfen sabis yana can ɗaya gefen, mu muna wannan gefen, saboda haka duk mai son kiran waya a garinmu sai ya hau dutse. Matasa sun mayar da abin wasa, tsofaffi kuwa sun haƙura. Inna, mahaifiyata, gwiwoyinta sun daina hawa tun tuni, sai dai a hau a ji saƙo a sauko a faɗa mata. A 'yan shekarun nan da hankalin yankinmu ba ya kwance, waya ba kayan ado ba ce. Akwai ranakun da labari ya iso mana a makare don kawai babu wanda ya hau dutse da wuri.

Igiyar rediyo idan ta baro ƙarfen sabis ta bugi dutse, ba tsayawa take yi cak ba. Wata ta koma baya, wata ta shige cikinsa, wata ta lanƙwasa ta gefe ta watsu. Aikina shi ne in lissafa da kwamfuta inda take faɗawa bayan ta watsu, don a san inda za a kafa ƙaramar eriya ta ɗebo ta ta raba wa gari. Ana zana dutsen a kwamfuta, a yayyanka bayansa ƙanana-ƙanana masu kusurwa uku, sannan a lissafa abin da kowane yanki yake aika wa kowane yanki. Kamar a ce kowane mutum a Batsari sai ya gaisa da kowane mutum a Safana, gaisuwa irin tamu, har da tambayar iyali da dabbobi. Kwamfuta ba ta gamawa. Wani tsohon farfesa a Ankara yana cikin waɗanda suka daɗe suna gyara dabarar rage wannan wahala: a tara na kusa unguwa-unguwa, kowace unguwa ta ba wakili gaisuwarta, wakilai su gaisa da juna, su dawo su raba. Na yi shekaru ina karanta takardunsa, har na san inda yake son sa waƙafi.

Duk da haka lissafina ya ƙi. Kwamfutata takan yi zafi har matata Hajara ta tambaye ni ko za ta iya ɗora ruwan shayi a kai, idan ta gama kuma sai ta ce sabis ya cika ƙofar masallacinmu, alhali ko sanda ɗaya ta sabis ba a taɓa gani a waya a wurin ba. Malamin da ke duba aikina ya faɗa mini a fili cewa in ba a gano matsalar a wannan zangon ba, sai dai in canza batu in koma farko. Ana cikin haka aka karɓi aikina a wani taron masana a Ankara, aka kuma ɗauki nauyin tafiyar.

Shirin ma labari ne. Gwaggo ta ji an ce Ankara, ta aiko a ce in zaɓo mata mai ruwan ganye, don a saninta Ankara sunan atamfa ne. Inna ta haɗa mini ƙuli-ƙuli da yaji da daddawa, Sada ya kawo kilishi ya ce in kai wa Turawa su san ana cin nama a duniya. Ni kuma na hau dutse da guduma na ɓallo wani gutsure kamar kan jariri, saboda na ji suna da na'urar auna yadda igiyar rediyo take shiga abu. Sai fostar da zan rataya a taron. Na kai wa wani mai buga bana ta talla a Katsina, irin masu yi wa 'yan siyasa da masu biki, ya ce ƙyalle zai buga mini don ya naɗu a jaka. Ya kuma nemi hotona, na ɗauka na rajista ne, na tura masa.

Daga Batsari zuwa Katsina a gaban Golf na zauna, mu biyu a kujera ɗaya kamar kullum, ni da wani mai ƙiba da bai daina atishawa ba. Direban ya ɗaga jakata zai sa a but, ya yi nishi ya ce, "Malam, dutse ka sa a ciki?"

Na ce, "E."

Ya yi dariya ya ce malaman boko akwai ba'a.

A Katsina na karɓi fostar a naɗe cikin leda, ina sauri, ban buɗe ba. Na wuce Kano, na shiga jirgi. Ba ni da abin faɗa a kan jirgi sai dai abincinsa, wanda aka kawo a ƙananan mazubai masu yawa, kowanne da murfinsa, kuma da za a juye su wuri ɗaya ba za su cika ludayi biyu ba.

A Istanbul mai duba fasfo bai ɓata mini lokaci ba. Wurin duba kaya ne aka tsayar da ni, don na'ura ta nuna wani baƙin dunƙule a tsakiyar jakata. Wani jami'i mai gashin baki ya sa safar hannu ya fito da shi, ya juya, ya sake juyawa. Da Turancinsa da nawa muka lallaɓa.

Ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce, "Dutse."

"Mai daraja ne?"

"A'a. Ko a garinmu babu wanda ya damu da shi."

"To me ya sa ka hau jirgi da shi?"

Na fara bayanin igiyar rediyo, na ga idanunsa sun fara nisa. Sai na tuna da fostata, na ce bari in nuna masa. Muka warware ta a kan tebur, ni da shi, kuma a lokacin na fara ganinta. Rabin ƙyallen hotona ne cikin babbar riga, ina murmushi. An zagaye gefuna da furanni ja da ɗorawa. Lissafin da na yi shekaru a kai an matse shi a ƙasa kamar sunayen masu tallafi, a can sama kuma an rubuta da Hausa, da manyan baƙaƙe, fatan alheri daga 'yan uwa da abokan arziki.

Jami'in ya kira abokin aikinsa. Suka duba hoton, suka dube ni. Na biyun ya tambaya ko takara nake yi. Daga ƙarshe suka riƙe kilishin Sada, don ba a shiga da nama. Daddawar kuwa mai gashin bakin ya buɗe ƙullin ya sunsuna, ya ja da baya, ya ƙulle da sauri ya mayar mini, kamar yana tsoron in bar masa. Da ya miƙo mini dutsen ya ce shigowa da dutse ba laifi ba ne a ƙasarsu, fita da shi ne ake tambaya, saboda haka in bar shi a can in na gama.

Bas na shiga zuwa Ankara. Kowa da kujerarsa, babu mai zama a cinyar wani, abin har ya sa ni kaɗaici. Muna tashi wani ma'aikacin motar ya biyo layi da kwalba yana zuba wa mutane wani ruwa a tafin hannu. Na ga kowa yana shafawa, ni ma na karɓa da hannu biyu na shafe fuskata har ido kamar mai shafa addu'a. Ashe turare ne mai ƙamshin lemun tsami, kuma yana da zafi. Na yi ta hawaye. Dattijon da ke kusa da ni ya ɗauka kewar gida ce, ya dafa kafaɗata, ya ciro burodi mai riɗi daga jakarsa ya ba ni rabi. Sunansa Mehmet, wato Mamman ɗinsu. Ba ya jin Turanci, ba na jin Turkanci, amma da salamu alaikum da alhamdulillahi da nuna hotunan jikoki muka yi hira mai tsawo. Barci ya ɗauke ni, ban ankara ba sai ga Ankara.

Wadda ta tarbe ni Dakta Aishe ce, tsohuwar ɗalibar farfesan, yanzu kuma abokiyar aikinsa. Mace ce mai saurin tafiya da saurin magana. Na fara gaishe ta yadda ya kamata, ina kan tambayar gajiya ta riga ta ɗauki ƙaramar jakata ta kai bakin mota. Gaisuwarsu gajera ce, kalma ɗaya a wuce. Amma na ga saurayi ya kama hannun tsoho ya sumbata ya ɗora a goshinsa, na ce ashe ladabin yana nan, wurin ajiyarsa ne ya bambanta.

Masaukin baƙi na jami'a aka kai ni. A falon akwai kujera mai laushi guda ɗaya kusa da na'urar ɗumama ɗaki, kuma wata mage ce take kwance a kai. Na ga wani babban malami mai furfura ya zo da kofin shayinsa, ya dubi magen, ya koma gefe ya sha a tsaye. A garinmu magen da ta hau kujerar baƙo ta san abin da zai biyo baya. A can har kwanon ruwa ake ajiye musu a bakin titi, suna tafiya suna kallon mutane kamar masu gidan haya.

Da safe aka jera mini zaitun da cuku da yankan tumatir da kokwamba da burodi. Na ɗan taɓa, na zauna ina jiran abinci. Da na ga ana kwashe faranti na gane an gama. Shayinsu baƙi ne, babu madara, a wani ɗan kofin gilashi mai siririn ƙugu, kuma da ka shanye za a sake cikawa. Ni kuma an koya mini ba a mayar da hannun mai kyauta. Na yi ta sha har na daina ƙirga kofuna, kafin Dakta Aishe ta lura ta nuna mini cewa in na ƙoshi sai in kwantar da cokali a bakin kofin. Da rana aka kawo nono mai sanyi, na yi murna na kurɓa, sai na ji gishiri. Gishiri a nono. Na yi ta tunanin abin da matan rugar bayan garinmu za su ce in suka ji an yi wa nono haka.

Ranar taron na rataya fostata, na naɗe rabin da ke da hotona ta baya, amma furannin ba su ɓoyu ba. Na dama da ni yana lissafin yadda igiyar rediyo take watsuwa a jikin jirgin sama. Ta hagu da ni tana aikin eriyar tauraron ɗan'adam. Ni ina tsakiya da dutsen ƙauye da furanni. Abin mamaki, wurina ya fi tara mutane, sai dai yawancinsu ƙyallen suke shafawa suna tambayar inda aka buga.

Can sai na ga mutane suna matsawa gefe. Farfesan ne, ɗan tsoho, gajere, da sanda da tsohuwar rigar sanyi. A raina na daɗe da zana shi ƙato. Ɗalibansa suna ce masa Hojam, wato malamina, ni ma na bi su. Ya tsaya gaban fostar, ya sa hannu ya warware inda na naɗe, ya dubi hoton ya ce, "Wannan ne marubucin? Ya fi ka ƙiba."

Aka yi dariya. Shi kuwa ya sa tabarau ya sunkuya a kan ƙananan rubutun, ya daɗe yana karantawa. Da ya ɗago ya ce yadda na yayyanka dutsen a kwamfuta ya yi kyau, tsarin unguwannin ma babu laifi. Sannan ya ce, "Da me ka gina dutsen a lissafin?"

Na ce na ɗauke shi kamar ƙarfe, don haka aka saba farawa, kuma kwamfutata ba za ta iya ɗaukar fiye da haka ba.

Ya ce, "Nuna mini garin."

Na ciro waya na nuna masa hoton da na ɗauka daga kan dutse da rana. Ya sa yatsa a kan rufin gidaje da ke ƙyalli.

"Waɗannan fa?"

"Kwano ne, Hojam. Rufin ƙarfe."

"Ina suke a lissafinka?"

Na sake duba fostar. Ba su ciki. A gidan kwano aka haife ni, ƙarar ruwan sama a kansa ce take sa ni barci, amma ban taɓa ganinsa a matsayin madubin igiyar rediyo ba.

Ya ce a hankali, "Ka mayar da dutse ƙarfe, ƙarfen gaske kuma ka share shi."

Mutane suna tsaye suna ji. Na tuna shekarun da na yi, da janaretan da Hajara ta haƙura da ƙararsa, da maganar malamina ta komawa farko. Sai na ji bakina ya ce, "Dutsen yana ɗakina."

Ya ce, "Wane dutse?"

Na ce na ɓallo gutsure na zo da shi. Ya cire tabarau ya dube ni, sannan ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara da shekaru mutane suna kawo masa lambobin da suka kwafo daga littafi, yau ga wanda ya kawo dutsen da kansa. Ya juya ya yi wa Dakta Aishe magana da Turkanci, ta ɗaga kai.

Sauran kwanakin ban ga gari sosai ba, masu tambayata kasuwanni su yi haƙuri. An yanka dutsen aka goge gefensa, Dakta Aishe ta auna shi, ya nuna yana shanye igiyar fiye da yadda yake mayarwa. Muka zauna ni da ita muna zana rufin gidajen garinmu ɗaya bayan ɗaya daga hoton sama, ina faɗa mata wanda yake kwano da wanda yake soro da wanda yake ciyawa. Ta ce ba ta taɓa yin lissafin da ake sanin sunan mai kowane rufi ba. Sannan aka tura aikin ga babbar kwamfutarsu, wadda take cikin wani ɗaki mai sanyi kamar na masu sayar da kifi, tana gurnani. Hojam bai yi mini alkawarin komai ba. Ya ce lissafi bai san bishiya ta yi ganye ba, bai san damina ba, mu dai mu jira.

Muna jira ya gayyace ni cin abincin rana a gidansa. A bakin ƙofa ake cire takalmi kamar a gida, sai dai su har silifas na baƙo suke ajiyewa. Matarsa ta kawo wani abu kamar ɗanwake ƙanana da nama a ciki, an zuba nono a kai da jan mai. Na yi bismilla na rufe ido, sai ga shi da daɗi, har na ƙara. Ni kuma na fito da ƙuli-ƙulin Inna. Hojam ya sa ɗaya a baki ya gwada, ya fitar ya duba, ya ce wannan ma a kai wa Aishe ta auna. Matarsa ta jiƙa nata a shayi ta ce ya yi. A nan ya ba ni labarin cewa shi ma ɗan ƙauye ne, a tsakanin duwatsu ya tashi. Mahaifinsa yakan hau rufi yana juya eriyar rediyo, mahaifiyarsa tana ƙasa tana faɗa masa ya yi ko bai yi ba, kullum sai sun yi faɗa a kai. Ya ce duk abin da ya rubuta a rayuwarsa ƙoƙari ne na raba wannan faɗa.

Ana gobe zan taso sakamako ya fito. Taswirar garinmu ce a allon kwamfuta, shuɗi inda babu sabis, ja inda yake. Ƙofar masallaci shuɗi. Bakin kasuwa shuɗi. Gidanmu shuɗi. Ban taɓa murnar ganin babu ba sai ranar, don karo na farko ke nan lissafi ya faɗi abin da kowa ya sani. Amma a gefen gabas akwai wani ɗan jan harshe, inda igiyar da ta lanƙwaso ta gefen dutse take bugun wani dogon rufi ta faɗo ƙasa. Dakta Aishe ta ƙara girman wurin. Na gane rufin, na gane rumbun da ke gefensa, na dafe kai.

Ta ce, "Lafiya? Kuskure ne?"

Na ce, "Ƙofar gidan surukina ce."

Ba su ga abin damuwa ba. Na yi musu bayani cewa mutumin nan ba na faɗin sunansa, ba na cin abinci a gabansa, ba na haɗa ido da shi, tun daga nesa nake cire takalmi, kuma ba zan iya tsayawa a ƙofarsa ina ɗaga waya sama ina juyi ba. Hojam ya saurara har ƙarshe, ya ce a nan dai kimiyya ba ta da taimako. Amma ya ce sai na je na gwada, in ba haka ba taswirar zane ce kawai mai launi.

Dawowa ba ta da labari. Sada ya tarbe ni a Batsari da babur, ya ɗaga jakata ya ji ba nauyi, ya ce shi ke nan, an cuci gwamnati.

Dole in faɗi dalilin da ya sa babu wanda ya taɓa gano wurin. Surukina mutum ne mai tsare gida. Ba ya riƙe waya, yana cewa abin maƙaryata ce, mutum yana Darini ya ce yana Katsina. Ba a zaman banza a ƙofarsa, matasa ma canza hanya suke yi. Saboda haka muka shirya da Sada: shi ya hau dutse ya yi ta kirana, ni kuma in je gaisuwar dawowa da waya a aljihu.

Bayan la'asar na same shi a kan buzunsa gefen rumbu. Na cire takalmi na durƙusa.

"Baba, barka da yamma."

"Malam, an dawo lahiya? Ya hanya? Ya mutanen can?"

Muna tsakiyar tambayar gajiya sai aljihuna ya ɗauki kiɗa. Na ƙame. Ban iya ɗauka ba, ban iya kashewa ba, ban iya tashi ba. Idanuna suka ciko, na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa, wayar tana ta yi.

Ya ce, "Malam, aljihunka na kuka."

Na ce, "E, Baba."

"To ka lallashe shi mana."

Kafin magariba labari ya zaga gari. Washegari Inna ta taka da sandarta har wurin, ta yi magana da ƙanwata da ke aure a Kaduna, da kunnenta, babu ɗan aike. Na yi awo a wurin da kewayensa na tura Ankara, Dakta Aishe ta amsa cewa ya yi kusa da lissafin fiye da yadda suka zata. Malamina ya daina maganar komawa farko. Ƙaramar eriyar da za ta raba wa gari ba a kafa ta ba tukuna, muna kan bin masu abin, amma yanzu mun san inda za ta tsaya.

Wanda ya sha wahalar binciken nan shi ne surukina. Ƙofarsa ta zama tasha. Mata da maza suna layi gefen rumbu, kowa yana ɗaga murya kamar wanda yake kira yana bayan dutse. Ranar da zan koma Katsina na je sallama da hantsi, na tarar ya kori kowa.

Ya ce, "Malam, zamna. Ka tahi ƙasar mutane ka kwaso mini kasuwa. Yanzu babu asirin da ban sani ba a garin nan, kuma ban tambaya ba. Lissahin nan naka ba ya iya matsar da abin ko zuwa ƙohwar Liman?"

Na ce sai dai in an cire rufinsa. Ya ce a bar rufi.

Ina shirin neman izinin tashi sai ya gyara zama, ya dubi wajen rumbu, ba ni ba.

Ya ce, "Yaron nan na Fatakwal. Kana da lambarshi?"

Ɗansa na fari yake nufi, yayan Hajara, wanda ba ya faɗin sunansa. Tun shekarar da aka kore musu shanu ya ce zai tafi neman aiki kudu, uban ya ce bai yarda ba, suka rabu da maganganu masu zafi. Yana aiko saƙo ta hannun Hajara, amma muryar juna ba su sake ji ba.

Na ce, "Ina da ita, Baba."

Bai ce in kira ba. Ya dai miƙo hannu, tafin a buɗe. Na danna, na jira ta shiga, na ɗora masa da hannu biyu. Ya kai kunne a hankali. Na ji muryar daga can tana cewa, "Bishir? Ya aka yi?"

Tsohon ya yi gyaran murya. Ya ce, "Ba shi ba ne. Ni ne."

Sannan na ji tsohon ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Kana lahiya? Kana cin abinci?"

Na ɗauki takalmana a hannu na bi bayan rumbu na bar masa wayar. Sai da azahar aka aiko mini da ita, cajinta ya ƙare.